Kafin ka sayi gona a bayan Kano, bi ruwanta ka ga inda ya fito

Kuɗin haya ya hau, kwanon masara ya hau, aikin kamfani kuma ba shi da tabbas irin na da. Shi ya sa za ka ji ma'aikaci a Sharaɗa ko Bompai, ko malamin makarantar da ritaya ta kusanto shi, yana cewa da zarar ya karɓi kuɗin sallama zai nemi 'yar gona a bayan gari, ya yi ɗaki biyu, ya sa awaki da kaji, iyalinsa su ci abin da suka noma. Niyyar tana da kyau, kuma ƙasar Kano ta saba ɗaukar irinta. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin a shekarun 1960, ya tarar da manoma suna noma gona guda kowace damina ba tare da an hutar da ita ba, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da takin gari da jakuna ke ɗaukowa. Ƙasar tana nan. Ruwan da ke ratsa ta ne ya sake, kuma daga nan ya kamata mai neman gona ya fara.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku, kowace da hanyar da dagwalonta ke bi. Bompai, wadda ta girmi sauran, tana arewa maso gabashin birni a ƙaramar hukumar Nasarawa. Ruwanta yana faɗawa rafin Getsi, Getsi ya haɗu da Jakara, wadda tun kafin nan ta kwaso ƙazantar cikin gari da ta mayanka, su tafi tare har madatsar Wasai a Minjibir. Sharaɗa tana zuba a rafin Salanta, wanda ke gangarawa kudu ya ƙare a kogin Challawa. Ita kuwa Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, a bakin kogin take, magudananta ba su da nisan tafiya. A wajen Tamburawa kogin Challawa yake gamuwa da kogin Kano, su nufi Wudil, daga can su wuce Haɗeja. In ka riƙe wannan taswira a ka, to rabin aikin ya ƙare, domin duk gonar da dillali ya nuna maka tambaya ta farko ita ce: tana sama da waɗannan magudanai ne, ko tana ƙasa da su?

Abin da ke cikin ruwan ba ɓoyayye ba ne. Kano garin fata ne tun fil'azal, amma majema na gargajiya da bagaruwa suke jima. Kamfanonin jima na zamani da gishirin kuromiyam suke aiki, shi ne ke ba fatar launin shuɗi-shuɗin nan kafin a gama ta, kuma wani kaso nasa yana fita da ruwan wanki tare da farar ƙasa da gishiri da sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Masaƙu da masu rini suna ƙara nasu, haka masu harkar ƙarfe da batir da fenti, inda dalma da kadmiyam ke fitowa. Malaman Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun sha auna ruwan waɗannan rafuka da ƙasar lambunan da ke gefensu da ganyen da ake nomawa a ciki, kuma sau da yawa suna samun waɗannan ƙarafa fiye da ƙa'ida. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita, dalma 0.01, kadmiyam 0.003. Dubi ƙanƙantar waɗannan lambobi. Ido ba ya ganin abin da ya kai haka, harshe ba ya ɗanɗana shi, tafasawa ba ta kashe shi. Hasali ma in ruwa ya ƙone a tukunya, ƙarfen da ya rage ƙara kauri yake yi.

A nan ne tarkon yake. Cikin watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, filayen da suka fi kowane kore a gefen birni su ne na bakin Getsi da Jakara da Salanta, domin ruwan kwata ba ya ƙafewa da rani, kuma yana ɗauke da taki a cikinsa. Latas ya yi fafaɗa, alayyafo ya yi duhu, mai saye ya ga abin sha'awa. Ba na zargin 'yan lambun da ke wurin. Da yawansu gonakin gado suke nomawa, kamfanoni ne suka zo suka same su, kuma da wannan lambu suke ciyar da 'ya'yansu. Amma halinka ya bambanta da na mai sayen kayan miya a kasuwar 'Yankaba. Shi yau ya ci latas ɗin Jakara, gobe na Kura, jibi na Zariya. Kai da ka ce za ka dogara da gonarka, tuwonka da miyarka da ruwan shanka da nonon akuyarka da ƙwan kajinka duk daga fili ɗaya za su fito, kullum, shekara da shekaru, kuma ƙananan yara ne za su fi kowa shaƙar ƙurar wurin da wasa da ƙasarsa. Ƙarfe mai guba taruwa yake yi a jiki sannu a hankali. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ya nuna yadda ƙasar tsakar gida ke iya zama ajali. A Japan ma, manoman lardin Toyama sun daɗe suna cin shinkafar da aka yi wa ban ruwa da kogin Jinzu kafin a gane cewa kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ne ke lalata musu ƙoda da ƙashi.

Saboda haka ka je gonar da ƙafarka, ba a cikin motar dillali kaɗai ba, kuma ka je cikin bazara, Afrilu ko farkon Mayu, sa'ad da ruwan sama bai zo ya surka komai ba. Ka tsaya inda injin ban ruwa ke zuƙo ruwa, sannan ka bi rafin ka yi sama da shi, ko da tafiyar awa ɗaya ce. Duba launin ruwan, baƙi ne ko ja ko shuɗi. Duba kumfa a bakin kwalbati, da farin ɓawon gishiri a gefen kwami. Shaƙi iskar. Tambayi masunta ko har yanzu ana kama kifi a nan, tambayi Fulani ko suna shayar da shanu a wurin ko wuce shi suke yi, tambayi 'yan lambu ko ƙafafunsu na ƙaiƙayi ko tsagewa in sun daɗe cikin ruwan. Ruwa ba ya tsami banza. Ka kuma koma da daddare ko da asuba ko sau ɗaya ne, domin ba kowane lokaci ake sakin dagwalo ba, kuma rafin da ka gani garau da azahar yana iya sauya kama kafin gari ya waye. Ka lura da iska ma: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, don haka gidan da ba ya jin warin kamfani a Janairu yana iya kwana cikinsa a Agusta.

Amma ido da hanci iyakarsu su hana ka sayen mummunan wuri. Ba za su tabbatar maka da mai kyau ba. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma kuɗinsa bai kai la'adar da za ka ba dillali ba. Ga yadda ake ɗibar ƙasar. Ka sami bokitin roba mai tsabta, kada ka yi amfani da na ƙarfe. Ka ratsa gonar a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kana tsayawa a wuri goma sha biyar zuwa ashirin. A kowane wuri ka share ciyawa da ganye, ka haƙa zurfin kamar taƙi guda, wato santimita 20, ka yanko ƙasar daga sama har ƙasa ka zuba a bokitin. Ka guji bakin hanya da tsohon juji da gindin bishiya. In ka gama ka cakuɗa sosai, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka shanya a inuwa, ka ƙulla a leda, ka rubuta sunan wurin da ranar. In gonar tana da tudu da fadama, kowanne a ɗebe shi daban, kada a haɗa. Ruwa kuwa a sabuwar robar ruwan sha ake ɗiba: ka ɗauraye ta sau uku da ruwan da za a gwada, in famfo ne ko burtsatse a bar shi ya zuba na 'yan mintuna tukuna, ka cika ta taf, ka rufe, ka sa a wuri mai sanyi, ka kai a ranar. Sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya suna daga cikin wuraren da suka san wannan aiki, kuma malaman gona na KNARDA za su iya nuna maka hanya. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: gwajin ƙasa na yau da kullum don sanin irin takin da za a zuba ake yin sa, ba ya duba guba. Sai ka faɗa da bakinka cewa kana son a auna kuromiyam da dalma da kadmiyam, da yawan gishiri, da tsamin ƙasa, sannan a ruwa a ƙara da ƙwayoyin cuta.

To ina ne ruwa mai kyau? A dunƙule, sama da birni. Ruwan da ke bin manyan hanyoyin ban ruwa na Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, kuma ba ya ratsa unguwar masana'antu kafin ya iso gona. Kogin Challawa kansa, daga madatsarsa ta Ƙaraye da aka kammala a 1992 har ya gangaro wajen Madobi, bai riga ya gamu da magudanan kamfanoni ba. Akwai madatsar Watari a Bagwai, akwai ta Tomas a wajen Ɗambatta. Kowanne da nasa ciwon kai. A yankin Kadawa, inda ruwan Tiga ke zuwa, akwai gonakin da ruwa ya kwanta musu har kanwa ta fito, akwai ciyawar kacalla mai toshe hanyoyin ruwa, akwai sauro da tsargiya, kuma ruwan na hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ne, ita ke buɗewa ita ke rufewa. A ƙasa da Tamburawa kuma, wajen Dawakin Kudu da Warawa da Wudil, bayan batun dagwalo akwai ambaliya. Ka nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ya nuna maka da sandarsa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni, kada ka aza harsashin ɗaki ƙasa da nan.

Ruwan sha na gida lamari ne daban. Mafi yawan ƙasar Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse yake maƙalewa, shi ya sa za ka ga rijiyar burtsatsen wani tana ambaliya, ta maƙwabcinsa kuma ƙura take fitarwa. Kafin ka kira masu injin haƙa, ka biya masu auna ƙasa su duba maka inda ruwan yake. Kafin su ma, ka sami maginan rijiya na ƙauyen ka tambaye su gaba nawa ake yi a tarar da ruwa, wace rijiya ce ke ƙafewa da bazara, wace ce ke da zartsi. Rijiya marar zurfi a bakin gurɓataccen rafi ruwan rafin take sha, ko da ta fito da shi fari tas.

Sai ƙasar kanta. Jigawa mai rairayi ta gero ce da wake da gyaɗa, tana da sauƙin noma amma ba ta riƙe taki. Jangargari da ƙasa mai ɗan laka sun fi dacewa da dawa da masara. Fadama ta shinkafa ce da damina, lambu da rani. Gidan da ke son ciyar da kansa ya fi son ya haɗa biyu, tudu da ɗan yankin fadama, ko da ba a manne suke ba. Ka haƙa rami kamu biyu ka ga abin da ke ƙasa. In ka ci karo da marmara tun ba ka yi nisa ba, saiwa ba za ta shiga ba, bishiyar mangwaro ma wahala za ta sha. Ka cika ramin da ruwa ka dawo washegari, in yana nan kwance to wurin zai jiƙe da damina. Bishiyoyi ma suna ba da labari. Gawo a tsakiyar gona alheri ne, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina ƙarfi. Ɗorawa da kuka da tsamiya abinci ne a tsaye, sai dai ka tambaya ko suna cikin cinikin, don a wasu wurare mai gona daban, mai bishiya daban. Ka sake komawa da kaka kafin a girbe dawa. In ka ga gonar ta cika da furen wuta-wuta, ka san ƙasar ta gaji, kuma irin wannan ciyawa yana iya shekara goma ko fiye a cikin ƙasa yana jiran hatsi. Ka kuma tambayi irin takin da aka saba zubawa. Takin bola na zamanin jakuna toka ce da kashin dabbobi da shara. Na yanzu da tifa ke kawowa akwai leda da matattun batira da fasassun kwalabe, wasu ma har tarkacen kamfanin fata suke karɓa don yana da araha. Gonar da ke nesa da kowane rafi tana iya gurɓata ta wannan hanya.

Batun takarda ba ya son gaggawa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni shi ke ba da shaidar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da ta gargajiya. Abin da ka saya haƙƙin zama ne da amfani, kuma in gwamnati ta karɓi wurin don aikin jama'a, diyyar gini da shuka da bishiyoyi doka ta tanada, ba kuɗin da ka ba mai gona ba. Wannan ya shafi kewayen Kano sosai, musamman Kumbotso, inda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna da na Kano zuwa Maraɗi, ga bututun gas da ya taso daga Ajakuta. Ka ɗauki safiyo ya auna wurin, ka kai lambobin ofishin filaye na KANGIS a duba ko yana cikin awon gwamnati. Daga nan ka gaida mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtan gona na kusurwa huɗu su tsaya a kan iyaka kowa ya shaida. In gonar gado ce, kuma galibi ita ce, kada ka yarda da babban wa shi kaɗai. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka tabbatar mata da marayu sun sani kuma sun yarda. Ka tambaya ko an taɓa jinginar da ita. Ka duba ko burtali ko mashaya ta ratsa ta, don gonar da ta toshe hanyar shanu rigima ce kowace kaka. Ka duba ko masu ɗibar yashi suna aiki kusa, domin sun ci gaɓar kogin Challawa a wurare da dama.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ke sanyaya gwiwar masu ɗoki. A matsakaiciyar shekara Kano tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, don haka noman tudu sau ɗaya ne a shekara. Ka ƙaddara kowane mutum a gida zai ci kusan buhu biyu na hatsi mai kilo ɗari a shekara. Gida mai mutum takwas buhu goma sha shida ke nan. Gero ko dawa a gonar talaka, ba tare da taki mai yawa ba, wajen buhu goma hekta ke bayarwa, wata shekarar ma ba ta kaiwa. Ka cire iri, ka cire zakka, ka cire abin da ƙwari za su ci a rumbu, ka cire na 'yan'uwa da za su aiko a sammusu. Za ka ga kana bukatar hekta biyu ko fiye, wato eka biyar, kafin a zo maganar wake da gyaɗa da harawar awaki. Fuloti huɗu da aka yanka da awon igiya gida ne da lambun zogale, yana rage cefane, amma ba zai ciyar da iyali ba. Kuma gona ba ta biyan kuɗin makaranta da asibiti sai an kai wani abu kasuwa, shi ya sa nisanka da Dawanau ko 'Yankaba ko Kwanar Gafan, da halin da hanyar ke shiga a watan Agusta, suke cikin lissafin. Manoman Kano na da ma ba noma kaɗai suka riƙe ba, kowa da sana'ar raninsa, saƙa ko rini ko ƙira ko fatauci. In kana da aikin hannu ko guntun albashi, kada ka sake shi a shekarun farko.

Sauran abubuwa kowa ya san su: asibiti mafi kusa da zai karɓi mai naƙuda da tsakar dare, makarantar boko da ta allo, masallacin Juma'a, lafiyar yankin ta fuskar tsaro. Uwargida ma a kai ta ta gani da idonta, tunda ita za ta wuni a wurin.

Shawarata ita ce kada ka saya a shekarar farko. Ka karɓi haya ko aro a ƙauyen da ka zaɓa, ka yi damina ɗaya da rani ɗaya, ka ga ruwan a kowane yanayi, mutanen gari su san ka, kai ma ka san su. Sau da yawa gonar kirki ba ta isa hannun dillali, a majalisar ƙofar masallaci ake jin labarinta. In kuwa sakamakon gwaji ya dawo ya nuna dalma ko kadmiyam ko kuromiyam sun haura ƙa'ida, kada wani ya lallashe ka da cewa za a zuba taki ƙasar ta gyaru, ko damina biyu za ta wanke ta. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, suna iya shekaru masu yawa a inda suka kwanta. Ka yi wa mai gonar godiya, ka riƙe kuɗinka, ka nemi wata a sama da kamfanonin.